Kafin ka sa wa kwamfutarka ruwa

Ɗana, saƙonka ya iso, ina fata kowa lafiya. Ka ce za ka cire fankar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ka koma sanyaya ta ruwa, kana kuma tambaya ko abin nan da tsofaffin hannu ke yi, na barin famfon da ke zagayar da ruwan ya kwana yana gudu kafin a kunna kwamfuta, dole ne ko al'ada ce kawai. To, al'ada ce, amma ba a banza aka gaje ta ba, kuma ba kowa ta hau kansa ba.

In wanda ake rufowa tun daga kamfani ka saya, lagireto da tiyo da famfo duk a haɗe, ba sai ka kwana jira ba, duba shi kawai ka ga ba ya naso. Amma in kai za ka yanka tiyo ka ɗaura da hannunka, kul ka tsallake. Zare duk wayoyin wuta daga madabod, wato babban allon kwamfutar, da katin hoto, ka bar famfo shi kaɗai. Ana sayar da ɗan murfin da ake sa wa filogi mai fil 24 don akwatin wuta ya tashi ba tare da madabod ba, ka nema. Shimfiɗa tishu a ƙarƙashin kowace mahaɗa, ka bar shi awa 12 zuwa 24. Dalilin ke nan: ruwan da ya ɗiga a kan allon da babu wuta, shanya kawai yake so, wanda ya ɗiga da wuta kuwa, sai dai haƙuri.

Sai dai ni abin da ya fi ba ni tsoro shi ne cire tsohuwar fankar. Man da ke tsakaninta da furosesa yana bushewa ya manne kamar gam. Ka bar kwamfutar ta ɗan yi aiki ta ɗumama, ka kashe, ka zare filogi, sannan ka murɗa fankar hagu da dama a hankali har ta saki. Kada ka fizga sama. In taka ta kamfanin AMD ce mai soket (mazaunin furosesa) AM4, fil-fil ɗin a jikin furosesa suke, tana iya biyo fankar ta fito su lanƙwashe. A AM5 da na Intel kuwa a cikin soket suke, don haka ka bar furosesa a kulle a mazauninta.

Goge tsohon man da sifirit mai ƙarfi, na kashi 90 cikin ɗari zuwa sama. In sabon ƙarfen da ruwa ke bi ta cikinsa, wanda zai zauna a kan furosesa, ya zo da mansa a shafe, kada ka ƙara wani. Ka tuna ka ɓare ledar da ke manne a gindinsa, ko gwanaye tana shammatarsu. Notina huɗun da ke riƙe ƙarfen kuma kusurwa da kusurwa ake ɗaure su, kaɗan-kaɗan, ba a gama da ɗaya kafin a taɓa sauran.

Wurin kafa lagireto, ka tabbata famfo bai zama shi ne can ƙololuwa ba, domin iska sama take taruwa, in ta taru a cikinsa sai ka ji yana ƙugi yana gudu a bushe. Jan ƙarfe da alminiyam ba sa zama a ruwa ɗaya, cin juna suke yi. Ruwan da za ka zuba kuma wanda aka tace ta tururi ne, da maganin hana gansakuka.

Ranar kunnawa, shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, kai tsaye ka ga famfo na juyawa, ka zuba wa zafin ido. Fanka in ta mutu, tulin ƙarfenta yana ɗan riƙe zafi na wani lokaci, famfo kuwa in ya tsaya, nan da nan za ka ga lamba ta doshi digiri 95 ko 100, inda furosesa ke rage gudu don ta tsira. Ka ga tana hawa ba tsayawa, kashe kawai, ka koma kan wayar famfo da ledar nan. Kuma ka bar fanka ɗaya tana hura wa kayan da ke kewayen soket iska, tunda da can tsohuwar ce ke yi musu fifita.

Kawunka.