Gurara ko Farin Ruwa, wanne ya fi dacewa da yara?

Malam, ka ce kana so ka kai iyali kallon ruwa lokacin hutun Disamba, kana shawara tsakanin Gurara da Farin Ruwa, wuraren da ruwa ke zubowa daga saman dutse.

Tunda da yara za ka tafi, ni dai Gurara zan ce. Tana jihar Neja, a kan hanyar Suleja zuwa Minna, mota kuma tana kai ka kusa. Farin Ruwa ta Wamba a Nasarawa ta fi ta tsayi nesa ba kusa ba, amma sai an yi tattaki mai nisa, ƙaramin yaro zai galabaita.

A Disamba ruwan Gurara ya fara ja baya, ya yi garau, har ka zauna a kan dutse feshi yana taɓa fuskarka. Da damina kuwa jajir yake zubowa, rugugi ya hana ka jin maganar na kusa da kai. Kada kwanciyarsa a Disamba ta ruɗe ka, akwai zurfi. Duwatsun na da santsi, silifas ba ya riƙewa. Riƙe hannun yaran sosai.

Ku tafi da abinci da ruwan sha, ku juyo kafin la'asar. Batun tsaron hanya, tambayi direbobin tashar Suleja ranar tafiyar. In kun isa, ku bi ɗan jagoran wurin.