Na rubuta zan zauna jarabawar AP a takardar neman jami'ar Amurka, yanzu ina so in fasa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina ajin ƙarshe a wata sakandare da ke haɗa manhajar Najeriya da ta Amurka. A watan Janairu na tura takardun neman gurbi zuwa jami'o'i shida na Amurka ta Common App, shafin da ake neman jami'o'i da yawa da takarda ɗaya, kuma a sashen jarabawa na rubuta cewa zan zauna AP ta Kemistiri a watan Mayu, wato jarabawar darasin matakin jami'a da ake ɗauka tun a sakandare a tsarin Amurka. Yanzu karatu ya yi mini yawa, ga WAEC ita ma a daidai lokacin. Idan na fasa, za su ɗauka ƙarya na yi? Za a iya ƙwace gurbin da aka ba ni?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, a mafi yawan jami'o'in Amurka fasa wannan jarabawa ba zai taɓa gurbinka ba, muddin ka sanar da su a rubuce kuma ba ka bar darasin kansa ba.

Dalilin yana cikin kalanda. Wanda ya nemi gurbi a Janairu yana samun amsa daga tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu, ya zaɓi inda zai je kafin 1 ga Mayu. Ita kuwa AP a makonni biyun farko na Mayu ake yin ta, sakamako ya fito a Yuli. Ka ga ke nan an gama yanke hukunci a kanka tun ba a raba takardar tambayoyi ba. Abin da suka duba shi ne takardar makinka ta makaranta, wadda ta nuna kana ɗaukar darasin Kemistiri mai wuya. Ranar da ka rubuta niyya ce ka bayyana, kuma sun san niyya tana canjawa.

Amma kada ka yi shiru. Lokacin da ka sa hannu a ƙarshen Common App, cikin abin da ka amince da shi har da sanar da jami'o'in duk wani canji da ya shafi bayanan da ka bayar. Takardar da ta riga ta tafi ba ta gyaruwa daga wajenka, saboda haka sai dai ka bi ta shafin da kowace jami'a ta buɗe maka bayan ta karɓi takardarka, in akwai wurin sabunta bayani, ko ka aika imel zuwa ofishin ɗaukar ɗalibai. Sa cikakken sunanka kamar yadda yake a takardar, ranar haihuwa da lambar Common App ɗinka. Sai layi biyu: ka rubuta za ka zauna AP ta Kemistiri a Mayu, yanzu ka fasa domin ta yi karo da WAEC, amma kana ci gaba da darasin har ƙarshen shekara. Ba a bukatar dogon bayani ko ban haƙuri. Ka sa malamin da ke kula da takardun neman jami'a a makarantarku cikin imel ɗin, ka kuma ajiye amsar da suka ba ka.

Inda ɗalibai suka fi faɗawa rami shi ne haɗa jarabawa da darasi. Fasa jarabawar College Board, hukumar da ke shirya AP, daban, ficewa daga ajin daban. Bayan an kammala shekara makarantarku za ta aika rahoton ƙarshe zuwa jami'ar da ka zaɓa, su kuma su ɗora shi a kan jerin darussan da ka ce kana ɗauka. Idan Kemistiri ta ɓace daga jerin ba tare da an nemi izininsu ba, ko makinka ya zube sosai, a nan ne ake samun wasiƙar neman bayani, wani lokaci har a janye gurbi. Don haka kafin komai je ka tambayi makarantarku tsarinta, domin akwai makarantun da ke cire sunan AP daga takardar maki idan ɗalibi bai zauna jarabawar ba. In taku haka take, to fasawar ta zama canjin darasi, kuma dole ka nemi amincewar jami'ar tukuna.

Abu na biyu, idan ka nemi Ingila ta UCAS, shafin neman gurbi a jami'o'in Birtaniya, maganar ta sha bamban gaba ɗaya. Can gurbi mai sharaɗi ake bayarwa, a ce an ɗauke ka idan ka samu maki kaza a jarabawa kaza. Jami'o'i irin su Oxford da Cambridge suna neman 5, wato makin ƙoli, a AP da yawa daga wanda ya zo ta tsarin Amurka. Idan Kemistiri tana cikin sharaɗin ka ƙi zauna ta, gurbin ya tafi. Ko a Amurka ma, karanta wasiƙar ɗaukarka kalma bayan kalma, ka ga ko an ambaci wani sakamako da ake jira.

Wannan amsa ta AP ce. Wanda ya rubuta zai zauna SAT ko ACT, jarabawar neman shiga jami'o'in Amurka, a Disamba kuma ba shi da wani maki a hannu, halinsa ya fi naka haɗari. Jami'ar MIT ta dawo da wajabcin jarabawar a 2022, Dartmouth da Brown da Harvard suka bi a 2024. A irin waɗannan, takardar da ba maki ba ta cika ba. Ko a jami'ar da ba ta wajabta ba, idan ka zaɓi a duba makinka sannan bai iso ba, takardarka tana iya zama a ajiye ana jira har lokaci ya ƙure. 

Yanzu ga abin da za ka rasa, kuma ina so ka auna shi da kyau. Jami'o'i da yawa suna yafe wa mai maki 4 ko 5, wasu har 3, darasin Kemistiri na shekarar farko, ko su wuce da shi aji na gaba. Ga mai biyan kuɗin makaranta da dala wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wasu kuma ba su yafe komai, musamman ga mai shirin karatun likita, wanda galibi ake shawartar ya maimaita darasin a jami'a. Buɗe shafin jami'ar da ka fi sa rai, ka nemi tsarinta kan makin AP. Minti goma sun isa ka san ko jarabawar tana da amfani gare ka.

Akwai kuma hanya ta tsakiya: ka zauna ba tare da ka ce a aika makin ko'ina ba. College Board tana ba da damar aikawa kyauta zuwa jami'a ɗaya idan ka zaɓe ta kafin 20 ga Yuni. In ba ka zaɓa ba, sai ka jira Yuli ka ga makin, in ya yi kyau ka biya a aika, in bai yi ba ka bar shi. Fasawa ma ba kyauta ba ce, domin akwai tarar dala 40 a kan jarabawar da aka yi odarta aka ƙi zama, ban da abin da makaranta za ta riƙe bisa tsarinta.

Idan da gaske ranakun sun yi karo kuma dole ka zaɓi ɗaya, WAEC za ka riƙe. Jami'o'in Amurka da dama suna neman sakamakonta na ƙarshe daga ɗaliban Najeriya a matsayin shaidar kammala sakandare, kuma ita ce za ka dogara da ita a gida idan biza ko kuɗin karatu suka ƙi. Kafin ka yanke shawara, tambayi mai kula da AP a makarantarku ko za a iya sa ka a zaman makara da ake yi a ƙarshen Mayu, wanda aka tanada domin masu irin wannan karo. Idan hakan bai yiwu ba, aika imel ɗin a wannan makon.