Filin Tambaya da Amsa: Waƙar Kukan Dabbobi ga Ƙananan Yara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da 'yan aji ɗaya a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Ɓagwai. Na fassara wata waƙar kukan dabbobi daga littafin Turanci, na karanta musu har sau uku, amma sai kallona suke yi, wasu ma har da gyangyaɗi. Da na zo kan agwagwa na ce "kwak-kwak", wani yaro ya ce tasu ba haka take yi ba. Ina gyaran yake?
Daga wata malamar firamare, Ɓagwai, Jihar Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Yaron nan ya fi littafin gaskiya. Agwagwar da aka fi kiwo a gidajenmu, mai jan tsiro a fuska, ba ta kwak-kwak. Toron huci yake yi yana kaɗa wuya gaba da baya, macen kuma wata 'yar murya gare ta can ƙasa-ƙasa. Mai kwak-kwak ɗin wani iri ne daban. Ɗan ƙauye da ya tashi da dabbobi a tsakar gida ba za ki koya masa kukansu daga takarda ba, kunnensa ya riga ya haddace.

Don haka ki ajiye fassarar, ki fara da tambayarsu. Ki ce, "Wa aka bari a gida yau da safe?" Za su lissafo miki akuya, tunkiya, zakara, zabi, jaki, wani ma har tattabarun yayansa. Ki zaɓi uku ko huɗu kawai. Kowace dabba ki sa yara biyu ko uku su kwaikwayi kukanta, wanda ajin ya fi yarda da shi, shi za ki rubuta a allo.

Sai ginin waƙar. Ki yi ta ƙwar biyu, wato kowane baiti ɗango (layi) biyu, kowane ɗango gaɓa takwas, kukan dabbar kuma ya zama amshi. Ke ce mai bayarwa, su ne 'yan amshi, kamar yadda suka saba a dandali. Ga misali:

Wane ne bisa kan danga,
Ya miƙe wuya ya hanga?
Amshi: Kukurukuu! Zakara ne!

Wace ce ɗaure a turke,
Tana kiran sauran garke?
Amshi: Mee! Mee! Akuya ce!

Ki lura da abu biyu. Na farko, ba a faɗi sunan dabbar ba sai a amshi, don haka baitin ya zama kacici-kacici, dole yaro ya kasa kunne kafin ya buɗe baki. Maganin gyangyaɗin ke nan. Na biyu, amsa-amo. A waƙar Hausa gaɓar ƙarshe ce gaba ɗayanta take dacewa da 'yar'uwarta, baƙi da wasali: danga da hanga, turke da garke. Nan ne masu fara rubutu suka fi tuntuɓe. Wani zai rubuta, "Wane ne a bakin tafki, ya hana mutane barci?" Ma'ana ta yi kyau, gaɓoɓi sun cika takwas-takwas, amma "ki" da "ci" wasali kaɗai suka haɗa, kunne zai ji kamar an taka tsakuwa a tuwo. Ki mai da shi, "Wane ne a bakin tafki, dare ya yi yana aiki?" sai ya zauna daram. Kuma "wane ne" ɗin daidai yake, don a kwaɗi maza ne suke wannan kuka na damina, suna kiran mata.

Kafin ki kai waƙar aji, ki rera ta ke kaɗai kina tafi. Duk inda kika ji numfashinki ya sarƙe ko kika haɗiye wata kalma don ki cim ma tafin, ɗangon ya yi nauyi, ki rage. Fassara takan gaza a nan ne, domin kalma mai gaɓa ɗaya a Turanci sau da yawa gaɓa uku ce a Hausa, sai layi ya yi tsawon da ɗan shekara shida ba zai iya riƙewa ba. Minti goma a rana ya isa, ki ƙara dabba ɗaya bayan sun riƙe na jiya.

Tambaya: Ɗana mai shekara biyar komai "kuka" yake cewa, kare yana kuka, doki yana kuka. In gyara masa ko in ƙyale shi?
Daga wani manomi, Maigatari, Jihar Jigawa.

Amsa: Malam, bai yi kuskure ba, kuka shi ne uwar kalmar, ga kukan jaki, ga kukan kura, ga kukan kurciya da aka ce jawabi ne. Sai dai Hausa tana da kalmomin da bai kamata su ɓace a bakin yaranmu ba: zakara cara yake yi, kaza kyarkyara in ta yi ƙwai, kare haushi, doki haniniya, maciji huci, zaki ruri. Kada ka ce masa "ba haka ba ne". Ka sa kalmar cikin ɗango, ta shige shi ba tare da ya sani ba: "Doki ya yi haniniya, ya ga dawa cikin ƙwarya." Kai da kasuwar dabbobi take ƙofarka kowace Alhamis, ka riƙe hannunsa ku ratsa ta wajen shanu da raƙuma, in kun dawo ka ce ya yi maka abin da ya ji. Ka kuma sa shi ya saurari zabi da yamma. Mai kuka gaɓa biyu tana maimaitawa, "kurkyat, kurkyat", macen ce. Namijin gaɓa ɗaya yake sarawa. Yaro in ya gano wannan da kunnensa, ba ya mantawa.

Tambaya: Mun gwada irin wannan waƙa a Islamiyya, na raba wa kowane yaro dabbarsa. Tun daga ranar yara suke kiran wani yaro "jaki", har mahaifiyarsa ta zo da ƙorafi. Ajin ma ya koma kamar kasuwa. Mu daina ne?
Daga wani malamin Islamiyya, Kafin Hausa.

Amsa: Allah ya gafarta Malam, kada ku daina, rabon ne aka yi ba daidai ba, kuma mahaifiyar tana da gaskiya. A wurinmu jaki da kare zagi ne, suna kuwa in ya kama yaro a aji yakan bi shi har girma. Kada a sake ba yaro ɗaya dabba ɗaya. A raba ajin sahu-sahu, kowane sahu ya yi amshi tare, baiti na gaba a juya, yadda kafin a tashi kowa ya yi zakara, kowa ya yi akuya. Jaki da kare kuwa ko dai ajin duka ya amsa su baki ɗaya har da kai, ko a jingine su na 'yan makonni har sunan ya mutu. In za ka dawo da jakin, ka ba shi baitin da ya ambaci wahalarsa, ruwan da yake ɗaukowa da takin da yake kaiwa gona.

Hayaniya kuma rashin iyaka ne yake kawo ta. Ka ƙayyade amshi: kuka sau biyu, tafi ɗaya, shiru. Ku yi yarjejeniya da su tun kafin a fara, in ka buɗe tafin hannu a sama dabbobi sun farka, in ka dunƙule sun shiga turke. Ku gwada alamar ita kaɗai sau uku ko huɗu ba tare da waƙa ba. Ka jera dabbobin daga mai ƙarfin murya zuwa mai taushi, zakara a farko, kurciya a ƙarshe, a yi nata "kuu-kuu" da raɗa-raɗa. Da wannan muryar za su buɗe littafin darasi na gaba.