Amsa kan shawarar ƙona bolar bakin layi

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Alhaji, Allah ya ƙara girma, na saurari shawararka cewa tunda motar kwasar shara ba ta shigowa layinmu a kai a kai, gara mu riƙa cinna wa bolar wuta duk ƙarshen mako. Ina neman afuwa, ban goyi bayan haka ba, domin hayaƙin leda da roba guba ne ga masu asma da ƙananan yara, kuma abin da za mu ƙona ɗin, kaso mai yawa daga cikinsa kuɗi ne.

Iyayenmu sun san lokacin da sharar birnin Kano take da masu nema. Manoman karkarar da ke kewaye da birni kan shigo da itace a kan jakuna, su koma da mangala cike da toka da kashin awaki da sharar tsakar gida, su zuba a gona kafin damina. Har yau ana kai taki gonaki, amma manomi yana ƙorafi, domin sai ya tsaya tsince ledar fiyawata da fasassun kwalabe da batura kafin ya baza shi. Sharar ba ta lalace ba sai da muka fara cakuɗa komai a mazubi ɗaya. Mahauta ma shaida ne, sau da yawa sukan farka tumbin akuya ko saniya su tarar da dunƙulen leda a ciki, alhali mai dabbar ya daɗe yana mamakin ramar da take yi.

Saboda haka gyaran daga cikin gida zai fara. Gwangwanin lemo da ƙarafa da tsofaffin tukwane a ware su a buhu guda, 'yan gwangwan za su ɗora a sikeli su biya. Daga nan ake narka alminiyum a zuba tukwane da ludaya, kamar yadda ake yi a kasuwar Katako ta Yamai, kuma narka tsohon alminiyum bai cin fiye da kusan kashi 5 cikin 100 na makamashin da ake ƙonawa wajen haɗa sabo. Fasassun bokitai da butoci da kujerun roba su ma ana saye, a niƙa su a sake sarrafawa. Gorunan ruwa kuwa masu zoɓo da kunun aya na nema, da sharaɗin a wanke su sosai. Amma jarkar maganin feshi kada a kuskura a zuba mata abin sha ko mai, komai wankin da ta sha.

Abin da ya fi wuya shi ne baƙar leda, wadda ba ta da mai saye kuma ita ce ke toshe mana magudanan ruwa a watan Agusta. Ruwanda ta hana ta tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Nijar ma ta yi dokarta a 2014, sai dai doka ba ta hana mai tumatir ƙulla maka kayan miya a leda uku. Hajiyoyinmu su daure su riƙa tafiya cefane da kwando ko jakar buhu, yara kuma a ba su kwano idan za su sayo waina ko ƙosai.

Ina ba da shawarar kwamiti ya nemi mai kura ɗaya da zai riƙa zagayowa ranar Asabar ya karɓi abin da aka ware, ragowar kuma mu rubuta wa hukumar kwashe shara ta jihar Kano, wato REMASAB, ta ƙara yawan zuwa. Wassalam.