Kyandir ko fitilar waya a jajibirin Kirsimeti

Maigida, saƙonka ya ba ni dariya, daga baya kuma ya hana ni barci. Wai zumuntar matasa ta ɗora maka shirin sujadar jajibirin Kirsimeti, kana tambaya ko dole ne a kashe wuta a kunna kyandir, tunda kowa na da fitila a wayarsa, NEPA kuma tana ba ku duhu kyauta kullum.

A majami'un ƙauye na da, ba a shirya duhu, yana nan yana jira. Tun la'asar matan zumunta ke wanke ƙwan fitila da toka, su datse lagwani daidai, don in ya yi tsawo hayaƙi zai baƙanta ƙwan kafin a kai rabin wa'azi. Dare ya yi, sanyin hunturu na kutsowa ta taga, sai a kashe fitilu a bar ɗaya tak a gaba. A karanta Ishaya 9:2, mutanen da ke tafiya cikin duhu suka ga babban haske. Sai a yi shiru, shiru na gaske, ba ka jin komai sai tarin tsofaffi da kukan jakin maƙwabta. Sannan a karanta Yohanna 1:5, dattijo ya ɗebo wuta daga fitilar nan ya miƙa wa na kusa da shi, ta yi ta tafiya benci bayan benci har fuskoki su fito. Iyayenmu kan ce wanda bai zauna cikin duhu ba, fitila a wurinsa kayan ado ce. Ku kuwa, shirun minti biyu sai hannu ya nufi aljihu.

Batun ko dole ne kuwa, ko kyandirorin da ake kunnawa a makonni huɗu kafin Kirsimeti ba umarnin Littafi Mai Tsarki ba ne. Daga Jamus suka zo: a 1839 wani malamin addinin Kirista mai suna Wichern ya jera su kan ƙafar keken doki a birnin Hambug, don yaran da yake riƙo su riƙa ƙirga kwanaki.

In za ku yi, mai riƙe da kyandir mai ci ya tsayar da shi cak, marar wuta ake karkatarwa. In aka juya, narkakken kyandir ya zuba a hannu, mutum ya firgita ya saki. Ku yanke kwali faɗin tafin hannu, ku huda tsakiya ku zura kowane kyandir. A kashe fanka, a bar ƙofofi buɗe, bokitin yashi ɗaya a bakin kowace ƙofa. Hunturu ya busar da komai, gyale da gashin kanti kuwa ba sa jira, don haka a bar tazara tsakanin layuka, ƙananan yara su riƙe tare da iyayensu. Waƙa biyu ta isa, a hure.

Ita waya, kowa tasa yake latsawa, ba wanda ya karɓa daga hannun wani. Ka je ka ji ta bakin fasto, ka kuma sayi kyandir tun yanzu kafin 'yan kasuwa su farga.