Amsa ga ƙanena: ƙin yaƙin Amurka ba ya nufin tafa wa Rasha

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da warhaka. Muryar nan za ta ɗan yi tsawo, a yi mini haƙuri. Ƙanena, kai nake amsa wa. Ka ce mu masu ra'ayin gurguzu kullum bakinmu a kan Amurka da NATO yake, to me ya hana mu fito fili mu goyi bayan Rasha a yaƙin Yukren, tunda ita ce ke taka musu birki. Ka kuma ƙara da cewa ina ruwan talakan da ke fama da cikinsa da yaƙin da ake yi a wata nahiya. Tambaya biyu ka yi, amma a wurina amsarsu ɗaya ce.

Ka ga, idan aka kaɗa gangar yaƙi, abin da muke fara tambaya shi ne ɗan wa za a tura fagen daga, daga aljihun wa za a biya, kuma wa zai kwashi riba idan ƙura ta lafa. Launin tutar mai harin ba ya canza mana wannan tambaya.

Bari in kai ka 1914, don a can aka fara wannan gardamar da muke yi yau. A lokacin babu jam'iyyar ma'aikata mai ƙarfin SPD ta Jamus. Shekara da shekaru suna taro da takwarorinsu na Faransa da sauran ƙasashe, suna alƙawarin cewa ma'aikaci ba zai harbi ma'aikaci ɗan'uwansa don amfanin sarakuna da masu masana'antu ba. Ranar 31 ga Yuli aka harbe Jean Jaurès, jagoran 'yan gurguzun Faransa, a Paris, mutumin da ya fi kowa fafutukar hana yaƙin. Ranar 4 ga Agusta 'yan majalisar SPD suka jefa ƙuri'ar amincewa da kuɗin yaƙi, na Faransa ma suka bi bayan gwamnatinsu. Kowa ya ce ai ƙasarsa ce aka zalunta. Da aka sake kawo buƙatar kuɗin a majalisar Jamus a watan Disamba, mutum ɗaya tak ya ce bai yarda ba, Karl Liebknecht. Shi ne daga baya ya rubuta cewa babban abokin gaba yana cikin gida. Ka lura da kyau, bai ce ma'aikacin Jamus ya koma yi wa sarkin Rasha addu'ar nasara ba. Cewa ya yi kowa ya tunkari masu mulkinsa da suka jefa shi cikin wutar. Sojoji fiye da miliyan 9 suka mutu a yaƙin nan, yawancinsu 'ya'yan manoma da leburori. Liebknecht da abokiyar gwagwarmayarsa Rosa Luxemburg kuwa an kashe su a Janairun 1919, a lokacin da tsohuwar jam'iyyarsu ke riƙe da gwamnati. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai raina ya ɓaci.

To, batun ina ruwan talaka. Baitulmali ɗaya ne, ƙanena. Wanda ake ɗibar kuɗin asibiti da makaranta a cikinsa, a cikinsa ake ɗibar kuɗin makamai. Martin Luther King ya faɗi haka a wani coci a New York ranar 4 ga Afrilu 1967. Ya ce ya ga shirin yaƙi da talauci na gwamnatin Johnson ya fara ba talakawa fata, sai yaƙin Vietnam ya zo ya tsotse kuɗin, kuma 'ya'yan talakawan nan ake kwasa ana turawa su mutu. Manyan jaridu suka yi masa ca, har wasu abokan tafiyarsa suka ce ya tsaya kan batun baƙar fata kawai. Shekara ɗaya cif bayan jawabin aka harbe shi.

Kar ka ce tsohon labari ne. Cibiyar SIPRI da ke Sweden ta ƙiyasta cewa a 2024 duniya ta kashe dala tiriliyan 2.7 kan harkar soja, Amurka kaɗai ta kusa tiriliyan 1. A Fabrairun 2025 gwamnatin Birtaniya, ta jam'iyyar Labour fa, ta sanar da rage tallafin da take ba ƙasashe matalauta daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, ta ce za ta zuba rarar a tsaro. A watan Yunin shekarar ƙasashen NATO suka amince su kai kuɗin da suke kashewa kan tsaro kashi 5 cikin ɗari na arzikinsu nan da 2035. Gwamnatocin da kullum ke ce wa malaman makaranta da ma'aikatan jinya babu kuɗi, idan aka zo batun makami sai kuɗi ya fito cikin mako guda. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa zaɓi ake yi.

Akwai kuma toshe baki. Yaƙi na farawa, mai mulki ya samu hujjar kiran duk mai suka maci amanar ƙasa. A 1918 aka yanke wa ɗan gurguzu Eugene Debs ɗaurin shekara 10 a Amurka saboda jawabi ɗaya da ya yi na ƙin yaƙi. Daga gidan yari ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1920, ya samu ƙuri'u fiye da dubu 900. A Satumbar 2001 majalisar wakilan Amurka ta ba shugaban ƙasa ikon amfani da ƙarfin soja da ƙuri'a 420, mace ɗaya, Barbara Lee, ta ƙi. An yi mata barazanar kisa. Dokar nan kuwa shugabannin da suka biyo baya sun yi ta fakewa da ita suna kai hari a ƙasashe daban-daban.

Yanzu me ya sa muke yawan ambaton Amurka da Turawan Yamma? Aikinsu ne ya jawo. Mossadegh ya mayar da man Iran hannun ƙasa, aka kifar da shi a 1953. Arbenz na Guatemala ya taɓa gonakin kamfanin ayaba na Amurka, aka kore shi a 1954. An kashe Lumumba na Kwango a Janairun 1961. Allende ya ƙwace ma'adinan tagulla na Chile daga kamfanonin waje, sojoji suka hamɓarar da shi ranar 11 ga Satumba 1973. Iraƙi a 2003 an mamaye ta bisa zargin makaman ƙare dangi da ba a samu ba, alhali miliyoyin mutane sun fito tituna ranar 15 ga Fabrairu suna cewa kar a yi. Libiya a 2011, aka rusa gwamnati aka tafi, makamai suka malala zuwa Sahel. Babu wanda zai sa mu manta da waɗannan.

Amma ka ɗauki tambayoyin nan namu ka ɗora su a kan Rasha, ka gani ko za ta tsira. Da farko ma Rasha ta yau ba Tarayyar Soviet ba ce. Tun shekarun 1990 aka cefanar da masana'antu da rijiyoyin mai ga wasu tsirarun attajirai. A 2018 aka ɗaga shekarun ritaya duk da zanga-zangar jama'a. Kwana uku kafin mamayar 24 ga Fabrairu 2022, Putin ya yi jawabi yana ɗora wa Lenin da 'yan Bolshebik laifin ƙirƙiro Yukren. Wato da bakinsa yake gaya maka abin da 'yan gurguzu suka yi na amincewa da 'yancin ƙananan al'ummu shi ne kuskuren da ya zo gyarawa. Da aka kira mutum dubu 300 aikin soja a Satumbar 2022, yankuna matalauta irin su Buryatiya da Tuva da Dagestan ne suka fi jin jiki a kan Mosko. Boris Kagarlitsky, malamin jami'a ɗan gurguzu da aka san shi a duniya, an yanke masa shekara 5 a 2024, dalilin da aka fake da shi wani bidiyo ne da ya yi kan yaƙin. To ni zan bar ɗan'uwana na aƙida a kurkuku in tafa wa wanda ya kulle shi? Ana gudun gara a faɗa gidan zago kenan.

Kuma ko lokacin da Tarayyar Soviet take nan, an yi wannan rigima. Da tankokinta suka shiga Hangari a 1956, dubban mutane suka fice daga jam'iyyar kwaminis ta Birtaniya. Haka aka sake rabuwa kan Chekoslobakiya a 1968 da Afganistan a 1979. Waɗanda suka rufe ido suka kare kowace mamaya don dai daga ɓangarensu ta fito, sun zubar da mutuncin tafiyar a idon ma'aikatan da suke cewa suna wakilta.

Na yarda faɗaɗa NATO zuwa gabas tun 1999 tsokana ce, kuma akwai tsofaffin jami'an Amurka kansu da suka yi gargaɗi a kai. Amma tsokanar da aka yi wa fadar Kremlin ba ta halatta jefa bam kan gidan direban bas a birnin Kharkiv na Yukren ba, kamar yadda harin da aka kai wa Amurka ranar 11 ga Satumba 2001 bai halatta rushe Bagadaza ba.

Kar kuma ka ɗauka muna cewa kowane ɗaukar makami haramun ne. Mutanen Vietnam sun yi gaskiya da suka yi yaƙi. Sojojin Kuba da suka tsaya wa Angola a gaban sojojin wariyar launin fata, Mandela da kansa ya je Kuba a 1991 ya yi musu godiya. Wanda aka mamaye yana da haƙƙin kare kansa, Bafalasɗine ne ko ɗan Yukren. Inda 'yan gurguzu suka rabu da gaske shi ne batun aika wa Yukren makamai. Wasu na ganin kamfanonin ƙera makamai kawai ake azurtawa ana tsawaita kashe-kashe, wasu na cewa wanda ya hana mai kare kansa makami ya taya maharin. Wannan saɓani na cikin abin da ya raba jam'iyyar 'yan gurguzu ta Die Linke a Jamus har Sahra Wagenknecht ta fice a 2023. Ni dai na fi karkata ga sauraron 'yan ƙwadago da 'yan gurguzun Yukren ɗin kansu. Suna adawa da mamayar, a lokaci guda kuma sun yi adawa da dokar da gwamnatinsu ta yi a 2022 wadda ta rage kariyar ma'aikata a ƙanana da matsakaitan kamfanoni. Suna kuma neman a yafe wa ƙasarsu bashi. Faɗa biyu suke yi lokaci ɗaya, kuma ban ga wani karo a tsakaninsu ba.

In kana son ganin wannan ra'ayi a aikace, duba ma'aikatan tashar jiragen ruwa ta Durban a Afirka ta Kudu. A Afrilun 2008 wani jirgin ruwan China ya iso da makamai za a wuce da su Zimbabuwe, ana tsakiyar rikicin zaɓe. Ƙungiyarsu ta SATAWU ta ce ba za su sauke ba, duk da Mugabe tsohon ɗan gwagwarmaya ne, China kuma abokiyar gwamnatinsu. Jirgin ya bar tashar da kayansa. A 2009, bayan ruwan bama-bamai a Gaza, ƙungiyar nan ɗaya ta ƙi sauke kayan wani jirgi da ya taso daga Isra'ila. Abin da suka duba a duka biyun shi ne a kan wa abin zai ƙare.

Yaya da ta tambayi batun Sudan, na gani, ban manta ba. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 da ƙasashen da ke zuba wa janar-janar ɗin biyu makamai yana buƙatar murya tasa daban, zan turo in Allah ya kai mu gobe. Ƙanena, in akwai inda ba ka gamsu ba ka maido mini, musamman kan batun makaman nan, don ko a cikinmu ba a gama shi ba. Wassalamu alaikum.