Amsa: Kuɗin gidauniyar sefsis, a ina ya fi dacewa a zuba su?

Hajiya, Allah ya saka da alheri. Kin tambaya ko kuɗin da ƙungiyarku ta tara a buga riguna da su ko a yi taron bita. Ni dai a ganina, ku bar maganar riguna.

Abin da ke kashe mutane shi ne jinkiri. Sefsis na faruwa ne idan ƙwayoyin cuta suka shiga jiki, garkuwar jiki ta wuce gona da iri wajen yaƙarsu har ta fara lalata ƙoda, huhu da sauran sassa. Alkaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna a shekarar 2017 sefsis ta hallaka mutum kusan miliyan 11, kuma kusan miliyan 3 yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Ku sayi lokaci a rediyo, ku kuma tara ungozomomi da malaman Islamiyya. A riƙa nanata alamomin: zazzaɓi ko sanyin jiki fiye da ƙima, numfashi sama-sama, ruɗewa, ƙarancin fitsari, bugun zuciya da sauri. Mai jego da ke zazzaɓi tare da warin jinin biƙi, da jaririn da ya ƙi kama nono ko cibiyarsa ta yi ruwa, asibiti za a kai su nan take, ba kemis ba. Wallahi nan ne ya fi damuna, domin sau da yawa ana cewa zazzaɓin cizon sauro ne.

In kuɗi sun yi saura, ku ware na mota da na allurar farko ga marasa ƙarfi. Ku ƙaddamar ranar 13 ga Satumba, Ranar Sefsis ta Duniya, kuma ku bayyana wa masu ba da gudummawa lissafin kowane kwabo.